Rami na Huɗu

Tun da aka ƙara sabon ɗaki sanyi ke zubowa daga rufi, jikar tsoho jaririya tana ta tari. Da magariba tsohon ya hau tsani da tsummoki.

"Baba, kafinta ya ce ramukan iska uku ya bari, kada a toshe duka," in ji 'yarsa.

"Kafintan banza. Riƙe tsani."

Ya toshe uku. Sai ga na huɗu, yana huro sanyi mai warin ruɓaɓɓen nama. Ya yi tsaki, ya cusa tsumma har wuyan hannu. Ciki jiƙe yake, ga yauƙi. Wani abu ya lashi tafinsa, a hankali.

Ya dubi ƙasa. Yawu ne ke ɗiga, daidai kan goshin jaririyar.