Jinin Bare

Marin da Inna ta ɗauke Dela da shi sai da ya sa layin masu ba da jini ya yi tsit! Dela ta dafe kunci, ɗayan hannunta riƙe gam da jakar jini mai ɗumi. Tun rasuwar iyayenta a gidan Kawu ta tashi, wanke-wanke nata, zagi nata, kuma ko da ta samu aiki a ƙungiyar agajin da ke tara wa asibiti jini, wurin Inna matar Kawu ba ta tashi daga mayya ba. Yau ga 'yar Inna a ɗakin haihuwa jini ya ɓalle mata, ga firjin ƙungiya cike da jinin da aka gwada, amma Inna ta rantse ba za a ɗura wa 'yarta jinin bare ba, sai na ɗanta Auta da aka ɗiba yanzun nan.

"Inna, ki yi wa Allah a sa mata na firji," in ji Dela cikin kuka. "Wannan ba a gwada shi ba, ba zai fita daga ɗakin nan ba..."

"Kun ji ko? Baƙin ciki take mata! Na ciyar da ke, yau ki kashe mini 'ya?"

Kawu ma ya nuna ta da yatsa. "In ta mutu, ba ni ba ke!"

Wayyo maraici! Dela ta miƙa wa mai gwajin jini jakar, ta tare ƙofa da jikinta tana addu'a, "Ya Allah ka riƙe mini ranta..." Ungozoma sai leƙowa take, tana cewa hannun mai jego ya fara sanyi.

Can mai gwaji ya fito, ya ja Auta gefe ya yi masa raɗa. Sai Auta ya zube ƙasa. "Inna, ai na gaya miki likita ya ce ina da ciwon hanta! Ke kika ce in yi shiru kada surukai su ji!"

Salati ya kaure. "A sa na firjin!" Kawu ya daka tsawa, Dela kuwa tuni ta ruga.

Da mai jego ta farfaɗo ta ji komai, Inna ta matso za ta ɗauki jika. Kawu ya nuna mata hanyar waje, ya ce ta wuce gidansu. Inna ta dubi 'yarta ko za ta cece ta, 'yar ta kau da kai.

"Ungozoma," in ji mai jego da ƙyar, hawaye na bin kuncinta, "ki miƙa wa Dela jaririn."