Ruwan Zafi a Gindin Katanga

Ana kiran sallar magariba dutsen farko ya faɗo a kan kwanon gidan Dakta Badaruddeen da ke Nassarawa GRA. Na biyu ya biyo baya. Aka fito tsakar gida, ba kowa, sai gurnanin injin sanyi daga ɗakin baya.

Shekara huɗu ke nan Dakta yana fama da wata 'yar na'ura da ba ta fi ƙwayar gero ba. Ƙarafa biyu ne aka haɗa bakinsu, waɗanda in sun yi sanyi matuƙa lantarki ke ratsa su ba turjiya. So yake zafi ya riƙa bi ta mahaɗar nan ya wuce, kada ya dawo. To, amma zafin da injin ke zuƙewa dole ya je wani wuri. Ruwa ke kwashe shi, bututu ya zubar yana tururi a gindin katanga, safe da yamma, ba bisimilla ba komai. Matarsa Safina ta yi magana har ta gaji. Shi kuwa, da boko ya yi masa yawa, dariya ya yi mata.

A kwana na uku da fara jifan, 'yarsu Nabiha ta faɗi a kan sallaya, jikinta kamar garwashi. Asibiti suka ce ba su ga komai ba.

Aka ɗauko Malam Mahmudu, mai ruƙiyya, daga unguwar Gama. Ya daɗe yana karatu kafin muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar. Ta ce gindin katangar nan gidansu ne tun kafin a yanka filayen unguwar, kuma ruwan ya saɓule wa jikanta fatar baya. Malam ya ce mai gidan bai sani ba.

"An faɗa masa," in ji muryar.

Dakta ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi. Malam ya yi ta lallashi, yana haɗa ta da Allah, har ta yarda za ta fita in an kashe injin yanzu yanzu. Ga shi awon ƙarshe da Dakta ke yi wa na'urar saura kwana ɗaya ya kammala, in na'urar ta ɗumama kuwa ta tashi aiki.

Wallahi Dakta yana son 'yarsa. Bakinsa ne kawai ya riga shi.

"Malam, ba za a iya jira zuwa gobe ba?"

Safina ce ta miƙe, ta je ta kashe injin. Nabiha ta yi atishawa uku, zufa ta karyo mata.

Washegari Dakta da kansa ya kai wa Nabiha shayi, yana ta sannu. Ta karɓa ba tare da ta dube shi ba.

"Abba, ina ji fa jiya. Magana ce kawai ba na iya yi."