Askadiniyar Hajiya Atine

Ranar da Sagiru ya fara ganin Na'ima, buhun taki ne a kafaɗarsa, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf. Direba ne a wani wurin sayar da shuke-shuke, aka aike shi wani tsohon gida a unguwar Al Asmakh. Farkon shekarar 2006 ne. Doha ba ta yi wannan tsayin ba tukuna, wayar kowa ƙarama ce mai maɓalli, Bahaushe kuwa in ya ji Hausa a titi sai ya tsaya an gaisa har an tambayi garin juna. Kai, zamani mai daɗi!

Ya sauke buhun ya ce, "Wash, Allah!"

Yarinyar da ta buɗe masa ƙofa ta yi dariya. "Ashe na gida ne. Sannu da aiki, Malam."

Ya ɗago ya dube ta. Don ya ɓoye kunya ya mai da ido kan bishiyoyi biyu da ke tsakar gidan. Askadiniya ake ce musu, 'ya'yansu rawaya ne kamar tsada, sai dai sun fi ta girma da zaƙi. Amma duk baƙin tabo ya ɓata su, ganyen ma ya ƙone daga baki.

"Waɗannan ba taki suke nema ba," in ji shi. "Fumfuna ce ta kama su. A makarantar aikin gona a Zariya mun ga irinta a jikin mangwaro, anthracnose sunanta a littafi."

Fara'ar Na'ima ta gushe. "Ummana, Hajiya Atine, ce ta shuka su, da ƙwallon da wata maƙwabciyarmu Bafalasɗiniya ta ba ta. Shekara uku ke nan da rasuwarta. Saboda su Abba ya ƙi tashi daga gidan nan."

Ya ba ta lambarsa, wai don bishiya. To, mu dai mun ji.

"Malamin ganye, yau ma sun zubo da yawa."

"Ki tsince su ki ɗaure a leda ki fitar, kada ki bar ko ɗaya a gindi. Ke kuma kin ci abinci, Gimbiya?"

"Bishiya na tambaya."

"Ni kuma mai bishiyar na tambaya."

Haka suka cinye zafin Doha, saƙo na bin saƙo, har ya zama in wayarsa ba ta yi ƙara ba shinkafar Najma, unguwar da yake kwana, ba ta yi masa daɗi. Amma tabon bai daina yaɗuwa ba, ya rasa dalili.

Mahaifinta, Injiniya Mijinyawa, yana da nasa zaɓin na suruki: Ghali, wani matashi a ofishinsu. Ghali ya zo da wata kwalbar magani mai rubutun Jamusanci, ya fesa sau ɗaya, ya kakkaɓe hannu ya ce, "Khalas, Alhaji, an gama." Mutumin da bai taɓa shuka ko albasa ba!

A watan Oktoba Na'ima ta samo wa Sagiru izinin zuwa gaisuwa. Ya zo dab da magariba cikin shaddarsa ɗaya tilo, ya tarar da Alhaji riƙe da tiyo yana yi wa bishiyoyin wanka tun daga sama, ganye ɗaya bayan ɗaya. Iska ba ta motsi, ga damshin teku ya cika gari. Nan take Sagiru ya gane komai. Da mai wayo ne sai ya gaisa, ya sha shayi, ya kama gabansa. Sagiru bai da irin wannan wayon.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, a gafarce ni. Wankan nan shi ne ciwon. Ganye ya kwana a jiƙe, fumfunar ta samu wurin zama, ruwan kuma ya ɗauke ta daga reshe zuwa reshe. Sai an bar shi, an kuma datse rassan da suka kamu."

Alhaji ya kashe famfo a hankali. "Matar da ta shuka su haka take yi musu. Shekara uku ban tsallake rana ɗaya ba. Kai ne za ka taso daga ɗakin mutum takwas ka ce ni nake kashe su? Tashi ka ba ni wuri."

Kafin Sagiru ya isa Najma saƙon Na'ima ya riga shi.

"Ba ka iya yin shiru ba ko na rana ɗaya? Ka sa Abbana kuka."

"Na iya, Gimbiya. Amma da na yi, da kullum zan riƙa kallonki da ƙarya a bakina."

Wata biyu wayarsa shiru, ya rame har abokan ɗaki suna yi masa tsiya.

A watan Disamba, lokacin wasannin Asiya, aka yi ruwan sama kamar ba Doha ba. Kafin wata ya ƙare bishiya ɗaya ta bushe ƙurmus. Na'ima ta sami mahaifinta a gabanta, tiyo a hannu, bai kunna ba. Tausayinsa ya kama ta, ga kewar Sagiru tana cin ta.

"Abba," ta ce a hankali, "da wane lokaci Umma take yi musu wanka?"

Ya dubi tiyon da ke hannunsa. "Da hantsi," in ji shi. "Kafin azahar rana ta busar da su." Shi kuwa sai ya taso daga aiki yake samun hali. Ya zauna a kan dakali ya rufe fuska da hannu biyu.

Washegari Alhaji da kansa ya hau benen su Sagiru a Najma, ya tsallake takalman mutum takwas, ya yi sallama.

A jikin bishiyar da ta rage, Sagiru ya datse duk reshen da ya kamu, yana tsoma almakashi a ruwan bilic bayan kowane yanka. Ya rage rassan tsakiya don iska ta ratsa, ya share ƙasa tas, ya fesa maganin fumfuna mai tagulla, ya yi wa gindin kwari inda ruwa zai riƙa tsayawa. Alhaji ne ya riƙe masa tsani, kowane reshe ya faɗo sai ya runtse ido.

Da aka gama ya ce, "To ni yanzu da yamma me zan riƙa yi?"

"Ku zauna kusa da ita, Baba, ku riƙa duba bayan ganye. Shi ma kulawa ce."

Na'ima ta leƙo ta taga, wayarsa ta yi ƙara a aljihu.

"Malamin ganye, ka yafe mini."

"Tun ranar, Gimbiya."

A watan Afrilu bishiyar ta yi 'ya'ya. Ba su fi cikin kwano ɗaya ba, amma babu tabo ko ɗaya. Alhaji ya ce Sagiru ya turo magabatansa, aka ɗaura aure a tsakar gidan bayan sallar Juma'a, Hausawan Doha suka cika har bakin titi.

Da jama'a suka watse, Alhaji ya kama hannun ango.

"Atine ta bar mini amana uku. Ɗaya ta lalace a hannuna, ɗaya kai ka cece ta. Ga ta ukun nan, Sagiru, ka riƙe mini ita da irin gaskiyarka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya ɗayyiba."

Daga bayan labule Na'ima ta ce amin, hawaye na bin kumatunta.