Wanda Ya Leƙa Rijiyar Gagarawa

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Nehemiya ya baro Sule Tankarkar a kan babur ɗin aro, ya kama hanyar Gumel. Malamin zane ne a wata sakandare, kuma a makon nan ne ya samu aikin da ya daɗe yana roƙon Allah: zai zana hotunan sabon littafin Gudaji, marubucin labaran Sufeto Bawale, ɗan sandan cikin nan da ɓarawo ba ya kwana biyu a gabansa.

A littafi, Bawale gajere ne mai tumbi da sanƙo. Amma tun da 'yan wasan garin suka mayar da labarin fim na bidiyo, Sajo ya fito a Sufeton, dogo, siriri, hula a karkace, sai zance ya sauya. Zanen farko da Nehemiya ya kai, na gajere mai tumbi kamar yadda littafi ya faɗa, Gudaji ya yi dariya har da buga cinya, ya ce wannan ai mai tsiren bakin tasha ne. Ya ce shi kansa da ya ƙirƙiri mutumin, yanzu in ya rufe ido Sajo yake gani. Ko a kawo fuskar Sajo, ko a ba wani aikin.

Abin da ya kai shi gidan Sajo a Sule Tankarkar ke nan. Ya tarar da shi kwance, ya rame, ya kuma ƙi yarda a zana shi. Nehemiya ya ce ba komai, zai kwafa daga kaset, daidai inda Sufeto ya leƙa tsohuwar rijiyar nan ta Gagarawa Tasha, don nan ne fuskar ta fi fitowa sarai. Sai Sajo ya damƙe masa wuyan hannu.

"Malam, ban je rijiyar nan ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Zazzaɓi ne ya kwantar da ni ranar. Washegari na je ba da haƙuri, suka ce haƙurin me, ai ban taɓa yin wasa mai kyau kamar na jiya ba."

Nehemiya ya yi masa sannu ya fito. A ransa ya ce zafin ciwo ne. Shi dai aikin nan ba zai kuɓuce masa ba.

Ya iso ɗakinsa ana shirin kiran magariba, ya tarar an kawo wuta. Yana da wata dabara da yake taƙama da ita: ya tsayar da fim, ya manna farar takarda mai shara-shara a gilashin talabijin da salatif, ya bi fuskar da fensir. Ya sa kaset, ya tura shi gaba har wurin rijiyar. Sufeto ya sunkuya, ya ɗago, ya fuskanci masu kallo. Nehemiya ya danna ya tsayar.

Ya fara da hula. Ya gangaro goshi. Fanka na juyawa, ƙiƙi, ƙiƙi. Daga gidan maƙwabciyarsa Mairo ƙamshin daddawa na shigowa, tana yi wa awaki faɗa.

A kan hanci ne ya ji gilashin da ɗumi. Ba ɗumin na'ura ba. Ɗumin goshin mai zazzaɓi, har da danshi.

Ƙamshin daddawa ya ɓace. Wani wari ya cika ɗakin, na taɓo da ruɓaɓɓiyar igiyar guga.

Fanka ta rage gudu. Ta tsaya. Ƙwan lantarki ya mutu. Ya ji yaran unguwa sun yi ihun an ɗauke wuta.

Talabijin bai mutu ba.

Nehemiya ya so ya janye hannu. Hannun ya ƙi. Fensir ya wuce kan idon hagu shi kaɗai, yana kartar takarda. Ƙarƙashin takardar, ƙwayar idon ta motsa. Ta bi bakin fensirin. Ta dawo kansa.

"Wane ne?" Muryarsa ba ta fi ta sauro ba.

Wani abu ya ɗiga a ƙafarsa. Ruwa ne, mai sanyi, yana tsattsafowa ta ƙasan gilashin.

"Ƙarasa ni," aka ce, daga can ƙasa, kamar mai magana a cikin tulu. "Na gaji da zama a kaset ɗaya. Littafi gida-gida yake shiga."

Ido na biyu ya kammala. Saura baki.

Takardar ta kumbura, ta lafa. Ta sake kumbura. Numfashi ake yi a bayanta.

Fensir ya sauka kan leɓen sama.

Ya kira sunan Yesu, harshe ya naɗe. Ya sa hannun hagu ya ja na dama, kamar yana jan turke. Wasu yatsu masu santsi suka riƙe nasa ta cikin takardar.

Leɓen ƙasa.

Ya tattara ƙarfinsa, ya kai wa ƙafar tebur shuri.

Talabijin ya kife. Ba a ji ƙarar fashewar gilashi ba. Abin da ya ji shi ne tsulum, can nesa, kamar dutse ya kai ƙasan rijiya.

Mairo ce ta tsince shi a bakin ƙofa yana rarrafe, jiƙe sharkaf har wuya, hannun damansa sanyi ƙalau kamar ba nasa ba. Takardar kuwa ba a gan ta ba, ko a ƙarƙashin talabijin ɗin.

Littafin Gudaji ya fito babu hoto ko ɗaya. Sajo ya warke, amma ya bar wasa, ya koma kiwo.

Bayan wata biyu Nehemiya ya gwada zana ƙanwarsa Dinah. Tana zaune tana masa tsiya wai kada ya ƙara mata hanci. Da ta leƙa takardar, sai ta miƙe ta fita. Ya gwada fasto, ya gwada jariri. Duk fuskar da ya fara, waccan ce take fitowa, baki saura kaɗan.

Yanzu furanni yake zana wa manyan motoci a kasuwar Maigatari, kuma an ce babu kamarsa. Sai dai da zarar rana ta yi ja, yakan ajiye burushi, ya nemi benci, ya zauna a kan hannun damansa har a idar da salla.