Auta da Mai Sandar Ƙarfe

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar, autar gidansu. Kowa Auta yake ce mata. Wayo kam tana da shi, ita ma ta san tana da shi. Abin da yake ƙona mata rai shi ne, a gidan ba mai tambayarta ra'ayi. In Baba da Yaya suna hirar zaɓe ta sa baki, sai a ce ta je ta ɗauko tsintsiya. Ku ji fa. Kai cike da basira, a haɗa shi da shara.

A lokacin zaɓe ya matso. Ruwan famfon layinsu kuma ya yi wata biyu yana zuwa ɗis-ɗis, kamar hawayen wanda aka tilasta wa kuka. Ran kowa a ɓace yake. Kowa yana neman wanda zai ɗora wa laifi.

Wata rana Auta ta taso daga makaranta, sai ta ga wani mutum a ƙofar gidansu. Dogo ne, siriri, yana riƙe da doguwar sandar ƙarfe. Ya kafa tsinin sandar a ƙasa, ya ɗora kunnensa a ɗaya ƙarshen. Ya rufe ido. Ya yi tsit.

Auta ta laɓe a bayan turken wutar lantarki tana leƙe.

Mutumin ya matsa gaba, ya sake saurarawa. Sai ya taka zuwa jikin bangonsu, bakinsa yana motsi. Ya ciro gwangwanin fenti, ya zana shuɗin zobe a bangon, ya rubuta lamba huɗu a ciki. Daga nan ya wuce gidan maƙwabciyarsu, wata tsohuwa da yaran layin suke kira Kaka. Can ma ya yi zobe, ya rubuta bakwai.

Auta ba ta gaishe shi ba, balle ta tambaye shi. Ta shige gida da gudu.

Da ta ba Yaya labari, sai ya ajiye cokali. Ya ce ai shi ma ya ga wani abu kamar haka a waya. Ya lalubo bidiyon ya miƙa mata.

Wani mutum ne mai baƙin tabarau, yana zaune a cikin mota, yana magana ƙasa-ƙasa yana waige-waige. Ya ce masu mulki sun baza 'yan leƙen asiri a unguwanni. Da sanduna suke jin abin da ake faɗa a cikin gidaje. Gidan da aka ji ana kushe gwamnati, a sa masa alama. Lambar kuma yawan mutanen gidan ne. Za a cire sunayensu daga masu zaɓe, sannan ranar Laraba motoci su zo su rushe gidan.

"Ba kowa ne zai gane ba," in ji Mai Tabarau. "Yawancin mutane barci suke yi. Amma kai da kake kallona, kana da ido."

Auta ta ƙirga da yatsunta. Baba, Mama, Yaya, ita. Huɗu cif.

Tsoro ya kama ta. Amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani ɗan daɗi. Ga shi dai yau an samu wanda ya ce tana da ido.

Yaya ya fita ƙwallo ya bar mata wayar. Bidiyon yana ƙarewa wani ya taso da kansa, daga shi sai wani. Duk magana ɗaya suke yi. Auta ta ce a ranta, mutane da yawa haka ai ba za su haɗu a kan ƙarya ba.

Washegari a makaranta, da aka fita hutun ƙarfe tara, yara suka kewaye ta. Har 'yan aji shida suka zo. Auta ta rage murya kamar Mai Tabarau, tana waige-waige. Ba wanda ya aike ta ɗauko tsintsiya.

Labari ya kai kunnen malamar lissafi. Da aka koma aji ta kira Auta gaban allo. Ba ta yi faɗa ba. Tambayarta ta yi ko ta yi magana da mai sandar. Auta ta ce ina, wa yake tambayar ɗan leƙen asiri?

"To, gidan tsohuwar nan da aka rubuta bakwai," in ji Malama, "su nawa ne a ciki?"

Kaka ita kaɗai take zaune, daga ita sai magenta. Amma wayo ba ya rasa ƙofa.

"Magen ta haihu, Malama. 'Ya'ya biyar. Da uwarsu shida, da Kaka bakwai."

"Ashe magen ma za ta jefa ƙuri'a?"

Aji ya kwashe da dariya. Auta ta koma kujerarta fuska a murtuke. Ta ƙura wa Malama ido. Sai a lokacin ta lura mayafin Malama shuɗi ne. Shuɗi, irin fentin nan. To, an zo wurin. Ashe ita ma tasu ce.

Daga ranar Auta ta daina yarda da kowa. Mai burodi ya tambaye ta ya Baba, ta ƙi amsawa. Me ya sa yake son sani? A gida ta riƙa magana da raɗa, ta cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Mama ta taɓa goshinta ko zazzaɓi ne.

Har ta lura shagon telan layinsu ma yana da zobe, alhali hoton ɗan takarar masu mulki ne manne a ƙofarsa. Wannan ya ɗan dame ta. Amma ta ce ai ɓad da sawu ne, don kada a gane.

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne Kaka. Tsohuwar nan ce take yi mata kitso tun tana ƙarama. Ɗakinta ɗaya tal, da gado, da akwatin tufafi. In an rushe shi, ina za ta?

Ranar Talata da yamma, Kaka ta tafi duba jikarta. Auta ta ɗauki soso da sabulu da wani guntun dutse. Ta dirje bangon Kaka har yatsunta suka yi ja. Ta dawo ta dirje nasu. Zobe ya ɓace, lamba ta ɓace. Ta ja baya ta duba aikinta, ta riƙe ƙugu. Da ana ba da lambar yabo a kan ceton tsofaffi, ai da tata ce.

Laraba ta zo. Ana tashi daga makaranta sai ga wata babbar mota ta shigo layin, cike da mutane masu diga da shebur. Auta ta laɓe a bakin ƙofarsu tana leƙe.

Mutanen suka riƙa duba bango. Inda suka ga zobe, sai ɗaya ya taka daga bangon zuwa titi, su hau haƙa. Suka haƙa a gaban shagon tela. Suka haƙa a gaban wasu gidaje uku. Da suka zo gidansu Auta, suka dubi bango suka wuce. Gidan Kaka ma suka wuce.

Auta ta sauke ajiyar zuciya. Ta ceci gida biyu da soso ɗaya, amma ko sannu ba wanda ya ce mata. Haka duniya take.

Sai dai har motar ta tafi ba a rushe ko gida ɗaya ba. Shagon tela yana nan, kekensa yana ta ƙara. Auta ta roƙi Yaya waya. Mai Tabarau ya riga ya saki sabon bidiyo. Ya ce an ɗage rusau ne saboda shi ya tona asiri. Sabuwar rana tana nan tafe.

Auta ta ajiye wayar tana tunani. In an rushe, ya yi gaskiya. In ba a rushe ba, nan ma ya yi gaskiya. To yaushe ne zai yi ƙarya? Ta kori tunanin kamar ƙuda, amma ya ƙi tafiya da nisa.

Bayan kwana biyu ruwa ya dawo layin da ƙarfi. Famfon tela yana feshi. Na gidansu Auta kuwa yana nan ɗis-ɗis. Ƙasar gaban gidan Kaka ta jiƙe, ga shi ba a yi ruwan sama ba. Kwana huɗu, gindin bangonta ya yi baƙi. Kwana shida, bangon ya tsage.

Auta ta shiga gaishe ta, ta tarar ta jawo gadonta tsakiyar ɗaki. Ƙasan akwatin ya jiƙe. Zannuwanta suna shanye a kan igiya. Magen ta kwashe 'ya'yanta ta hau da su kan gado.

"Ban san abin da na yi wa bangon nan ba, jikalle," in ji Kaka. "Tsoro nake ji kada ya faɗo mini."

Auta ta kasa kallonta.

Baba ya je ofishin ruwa ya kai ƙara. Washegari sai ga mai sandar ƙarfe tare da shugabansa, wani gajere mai littafi a hammata. Maƙwabta suka taru. Shugaban yana ta faɗa, yana cewa mai sandar ya tsallake gida biyu, ga shi ya jawo ɓarna. Mai sandar ya rantse ya sa alama. Shugaban ya nuna masa bango, ya ce to ina take? Ya ce in haka yake aiki, gara ya ajiye sandar ya tafi gida.

Mai sandar ya tsaya yana shafa bangon da hannu. Bai yi kama da ɗan leƙen asiri ba. Ya yi kama da baban wani.

Auta tana bayan Mama. Tana iya yin shiru, ba wanda ya gan ta ranar Talata. Ta dubi tsagewar bangon, ta dubi Kaka. Sai ta fito.

"Ni ce na goge," ta ce. "Da soso."

Baba ya tambaye ta dalili. Ta faɗi komai, da Mai Tabarau, da rusau, da magen da ta cike bakwai. Tela ya juya baya kafaɗunsa suna rawa.

Mai sandar ya dube ta ya daɗe. "Wato ni ne ɗan leƙen asirin? Da wannan takalmin nawa?" Ya ɗaga ƙafa, babban yatsansa yana leƙe. "Zo nan, 'yata."

Ya kafa sandar a jiƙaƙƙiyar ƙasar, ya ce ta ɗora kunne. Auta ta ɗora. Ba ta ji muryar kowa ba. Wani sauti ta ji siriri, kamar iska tana fita daga tayar keke.

"Ruwa ne yake tserewa daga fasasshen bututu," in ji shi. "Shi nake saurare. In na ji shi, sai in ƙirga taku daga nan zuwa bango, in rubuta. Masu haƙa su zo su ƙirga, su san inda za su sa diga. Taho mu taka."

Suka taka tare. Ɗaya, biyu, uku, har bakwai. A na bakwai hancin Auta ya kusa taɓa bangon Kaka.

"Da kin tambaye ni ranar nan, da na ba ki kin saurara tun tuni."

Auta ta ba shi haƙuri. Ta durƙusa ta ba Kaka haƙuri, tana kuka. Shugaban ya yi gyaran murya, ya rufe littafinsa, bai ƙara maganar ajiye sanda ba.

Baba ya juyo zai fara faɗa, sai Mama ta tambaya a hankali, wai a wayar wa yarinyar ta ga bidiyon. Yaya ya sunkuyar da kai. Ya ce shi dai ya tura wa abokansa ashirin. Mama ta ce, shi kuma wa ya turo masa? Yaya ya saci kallon Baba. Baba ya kama tari, ya ce rana tana yi, ya kamata a fara aiki.

Mai sandar ya miƙa wa Auta gwangwanin fenti. Da hannunta ta sake zana zoben Kaka, ta rubuta bakwai, ta zana nasu, ta rubuta huɗu. A ranar aka haƙa, aka canza bututun gida biyun. Mako guda Auta da Yaya suna ɗebo wa magini yashi da ruwa, har bangon Kaka ya koma garau. Baba ma ya ɗauki bokiti, ba tare da an roƙe shi ba.

Da Auta ta koma makaranta, ta nemi izinin Malama ta tsaya gaban aji. Ta ce labarin da ta ba su ƙarya ne. Ta ce ta yarda da shi ne don tana jin tsoro, kuma don ya sa ta ji ta fi kowa sani. Wannan na biyun ya yi mata nauyin faɗa, amma ta faɗa.

Malama ta rubuta a allo: In ka ji labari mai tayar da hankali, kada ka yi saurin yarda, kada ka yi saurin yaɗawa. Tambayi wanda ya sani. Mai cewa kada ka yarda da kowa sai shi, shi ne abin tsoro.

Mai Tabarau kuwa bai sake maganar zobe ba. Ya koma cewa fitilun titi suna ɗaukar hoton mutane. Da Yaya ya nuna mata, Auta ta ce ya bari gobe su tambayi mai gyaran fitilun. Baba ya ce wannan shawara ce mai kyau, ya matsa mata wuri a kan tabarma.

Ranar Asabar ta je kitso wurin Kaka. Ɗakin a bushe, famfo yana zuba a tsakar gida. Kaka ta ja mata gashi kaɗan, ta ce, "Jikalle, in kin ga masu zaɓe ki gaya musu, magena ta ce ita ba ruwanta da siyasa."