Turken da Bai Motsa Ba

Ranar da wani saurayi ya fara shiga ofishinsu da takardun awon filaye, ya tarar da budurwar gaban kwamfuta tana gyaran manhajar da ke tantance iyakoki.

"Ke ce alƙaliyarmu ke nan?"

"Ɗigo biyu kawai nake kwatantawa, tsohon awo da sabo. In lambar tsaye da ta kwance suka zo ɗaya, turke bai motsa ba."

Daga ranar ya raɗa mata Ɗigo, ita kuma take ce masa Mai Awo, har soyayya ta ƙullu.

Ashe filayen iyayensu maza suna manne da juna. Da aka sake awo, takarda ta fito daga manhajarta: BA ƊAYA BA.

Babanta ya ce, "Ɗan mai cin iyaka ba zai zama surukina ba. Na'ura ba ta ƙarya."

Haka kowa ke faɗa, sai ka ce ba mutum ne ya koya mata magana ba.

Wata uku babanta ke kai ta aiki, ya ɗauko ta. Daga mota sai ɗaki. In ta kare masoyinta ta ƙaryata aikinta, in ta kare aikinta ta mai da mahaifinsa ɓarawo.

Saƙo ya shigo: "Ɗigona, Baba ya rantse bai taɓa turken nan ba. Ni kuma nan da kika bar ni, nan nake."

Ta amsa: "Ka ƙara haƙuri, Mai Awona. Numfashi ma da ƙyar nake yi."

Washegari ta buɗe lambobin har ƙarshensu. Sai a lamba ta goma bayan ɗigon lissafi suka saɓa, tazarar da ba ta kai silin gashi ba. Ita ce ta rubuta a manhajar cewa sai sun dace tsaf, ba ta bar wa awo ko ɗan rangwame ba.

Ta gyara, ta kai kanta gaban shugabanta, ta sha faɗa da takardar gargaɗi. Sannan ta durƙusa gaban babanta, ta faɗa masa turken bai motsa ba.

"To wa ya ci iyakar?"

"Ni ce, Baba."

Sai ya ce, "Miƙo min hulata. Akwai wanda zan ba haƙuri."

Bayan ɗaurin aure, dattawan biyu suka haɗe filayen suka ba su. Turken na nan a tsakar gida, jikinsa take ɗaura igiyar shanya. Allah ya bar su tare, ya ba su zuri'a mai albarka.