Asibitin Dakta Shaukat a Hanyar Fayyum

Agwagi biyu suka je saye a garin Fayyum na ƙasar Masar, ba wani abu ba. Baba Hilmi ne ya dage wai agwagwar Alƙahira ba ta da ɗanɗano, kuma in ya dage sai dai a bi shi. 'Yarsa Awatif ta ɗauke shi a tsohuwar motar marigayi mijinta. Gab da magariba suka kamo hanyar gida ta cikin hamada, agwagi na kuka a kujerar baya, tsoho na mita a gaba.

"Taka motar nan mana, 'yar nan. Kin sa na rasa shirin la'asar, kada ki sa in rasa na bayan isha'i."

"Baba, shirin da ka kalla sau ɗari? In kana so in karanto maka shi da ka daga nan har gida."

"Ki karanto? Da wannan muryar taki ta mai tallan iskar gas?"

Bene na Uku suke nufi, wasan asibitin nan da aka fara nunawa a talabijin shekara talatin da suka wuce, ake kuma maimaitawa har yau. Rabin nas-nas ɗin unguwarsu ta Shubra saboda shi suka shiga aikin. Tsofaffi kuwa, in likita ya ɗaure musu fuska, sai su ce ai Dakta Shaukat ba haka yake yi ba. Shi ne babban likitan cikin wasan, mai furfura a gefen kunne, wanda da wuya marar lafiya ya mutu a hannunsa. Awatif a gaban shirin ta girma, tana zaune tsakanin uwarta da ubanta. Uwar ta rasu, mijin ya rasu, ba ta haihu ba. Tsohon nan ne kaɗai ya rage mata.

Sai mitar ta tsaya.

Ta juya. Baba Hilmi ya dafe ƙirji, gumi na zuba masa, leɓunansa sun yi fari fat.

"Baba? Baba, yi min magana!"

Ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Ta ɗauki waya, ba sabis. Gaba rairayi, baya rairayi, birnin Giza kuma da sauran tafiya mai nisa. Ta taka motar har tana rawa, tana roƙon Allah da ƙarfi, kada ya ɗauke shi a kan titi, kada ya bar ta ita kaɗai.

A wata kwana ta hango fitilu a dama. Farin bene mai hawa uku, da matakala mai faɗi, da bishiyar dabino ɗaya a gefe. Ta san shi kamar ƙofar gidansu, asibitin cikin wasan ne. Tun tana yarinya 'yan unguwa ke cewa a wani asibiti na gaske aka ɗauki wasan, can hanyar Fayyum, kuma ba wanda ya taɓa musawa. Ta yi hamdala, ta karkata motar.

Agwagin suka yi shiru gaba ɗaya.

Kafin ta kashe mota, nas biyu sun sauko da gadon turawa, fararen huluna a kansu irin na da. Suka ɗauke tsohon cak. Ba wanda ya tambaye ta takarda. Ba wanda ya ce ta je ta sayo allura a waje. A lokacin daɗi ta ji.

A ciki ne hancinta ya fara faɗa mata gaskiya. Ba warin magani. Warin fenti ne, da tsohon katako, da ƙaurin fitila mai zafi. Ba tari, ba kukan jariri, ba dangin marasa lafiya zube a ƙasa da kwanukan abinci suna faɗa da mai gadi. Akwai mutane a doguwar barandar, bibbiyu, suna hira. Bakunansu na motsi, amma ba sauti. Su je ƙarshen baranda, su juyo, su sake zuwa.

Aka tura gadon cikin wani ɗaki mai ƙofa biyu. Wani mutum ya tare ta a bakin ƙofar. Farar riga, furfura a gefen kunne.

Ta san ɗan wasan da ya fito a matsayin Dakta Shaukat ya mutu. Ita da Baba suka kalli jana'izarsa a labarai, har tsohon ya ƙi cin abinci.

Ya dafa kafaɗarta. Hannun ba nauyi, ba ɗumi.

"Ki jira a nan, Ihsan," ya ce a hankali. "Mahaifinki yana hannun da ya dace."

Ya shige, ƙofar ta rufe.

Ba sunanta ba ne Ihsan. Amma ta san Ihsan, ta san maganar. Kashi na arba'in da ɗaya ne, inda wata mata ta kawo tsohon ubanta da magariba. A duk shekarun wasan, tsohon nan ne mutum ɗaya tak da ya mutu a hannun Dakta Shaukat. Ranar da aka fara nunawa, Shubra kaf ta yi kuka, uwarta ko girki ba ta yi ba.

Ta jingina da bango. Bangon ya yi baya, ya dawo. Ta ɗaga kai. Ba rufi. Sama ce kawai, ta yi ja, da manyan fitilu a rataye ba a jikin komai ba.

Ta san abin da ke biye. Nas za ta wuce da tire, almakashi ya faɗi. Daga nan likita ya fito, ya cire hularsa.

Takun takalmi. Nas ta ɓullo da tire.

Almakashi ya faɗi, ƙal.

Awatif ta banka ƙofar.

Baba Hilmi na kwance, ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙyar. Igiyar ƙarin ruwa na reto, ba a soka ta a jikinsa ba. Ba abin da suke yi masa. Suna tsaye ne kawai, nas ɗaya ta riƙe bakin farin zane da hannu biyu, tana jiran lokacin rufe fuska.

Duk suka juyo tare.

"Ba nan ne wurinki ba," likitan ya raɗa. "Kuka ne naki. Koma waje ki yi kuka."

Ta nemi Ayatul Kursiyyu. Ayar da take karantawa tun tana shekara bakwai ta ɓace mata kaf, tsoro ya share ta. Abin kunya, abu ɗaya ne ya rage a harshenta: kiɗan rufe shiri. Kullum haka ake ƙarewa, kiɗan ya tashi, hoto ya daskare a inda yake, sunaye su yi ta hawa.

Ta fara rera shi da hanci.

Suka sandare. Likita da baki a buɗe. Zanen a tsaye cikin iska.

Ta rungumo tsohon ta ƙarƙashin hammata, ta jawo shi ƙasa. Nauyi gare shi kamar buhun siminti. Ta ja shi da baya, dugadugansa na gurzar katako, ita kuma tana rerawa.

Numfashinta ya ƙare. Ta ja iska.

Taku ɗaya, daga ko'ina, lokaci guda.

Ta ci gaba. Suka sake sandarewa, amma yanzu duk 'yan barandar sun fuskanto ta.

Kiɗan gajere ne. Ta kai ƙarshe, ta koma farko. Ƙirjinta na ƙuna. Duk sanda ta numfasa, taku ɗaya. Ta daina ɗaga kai. Ta ga bakin farar riga kusa da ƙafar Baba. Ta ga zanen.

Matakala. Suka gangara tare, ita da shi, gwiwarta ta fashe.

Muryar ta mutu.

Wani abu mai sanyi ya kama idon sawun tsohon.

A nan ayar ta dawo mata. Ta ƙwala ta da iyakar abin da ya rage a maƙogwaronta, ba daɗin karatu, ihu ne kawai.

Fitilu suka ɗauke.

Da ta cusa shi a mota ta kunna fitila, abin da hasken ya nuna fuskar gini ce ta katako, fentin ya ɓare, an tokare ta da gumagumai ta baya. Tsohon wurin ɗaukar wasan ne da aka watsar a hamada. Mutanen ɓoyen da suka gaji wurin sun kalli abin da ake yi shekara da shekaru, sun haddace, suna ta yi.

A wani asibitin gwamnati a Giza aka karɓe shi, cikin cunkoso da wari da ihu. Wata matashiyar likita da silifas a ƙafa, idanunta jajur don gajiya, ta daka wa Awatif tsawa ta matsa, sannan ta ceci ransa. Awatif ta sumbaci hannunta.

Rana ta uku ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallonta, ya yi murmushi.

"Ihsan," ya ce. "Kin jira ni."

Likitoci suka ce jini ne ya jinkirta zuwa ƙwaƙwalwa, ƙila ya dawo daidai. Shekara uku ke nan. Yana ci, yana sallah, yana mita kamar da. Ya san titinsu, ya san maƙwabta, ya san sunan matarsa. In aka ce masa Awatif, sai ya tambaya ko 'yar wace ce.

Ta yi wata guda tana gyara masa, tana kuka a kicin. Yanzu da safe in ya ƙwala kira daga ɗakinsa, Ihsan, kawo shayi, sai ta ajiye abin da take yi.

"Na'am, Baba. Ga ni nan."